Dattijo

dattijo (suna, namiji, mace: dattijuwa, jam'i: dattawa, dattijai)

1. Mutumin da ya manyanta.

2. Mai kamun kai da tsoron Allah, wanda unguwa ke jingina da shi. Furfura kaɗai ba ta ba da wannan suna. Shi ne mai sahun farko a masallaci, mai raba gardamar iyakar gona, mai karɓar sadakin marainiya ya tsaya mata waliyyi. In ya rasu, a Tsafe ko Bunguɗu, tabarmin ƙofar gidansa kan cika kwana uku da masu ta'aziyya, kowa da alherin da yake tunawa.

Misali: *Dattawan Gusau har yau suna ambaton Malam Sambo Ɗan Ashafa wanda ya kafa garin, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.*