Ciyawar Teku da Rage Ƙiba: Tarihin Shekaru Ɗari Biyu

Ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa da sunan ciyawar teku ba baƙi ba ne a duniyar magani. Tarihinsu ya haura shekaru ɗari biyu, kuma duk mai niyyar sayensu ya kamata ya san shi kafin ya zura hannu a aljihu.

A shekarar 1811 wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana sarrafa tokar ciyawar teku domin haɗa albarushi, sai ya ga wani tururi mai launin shunayya ya tashi daga tukunyarsa. Ta haka aka gano sinadarin aidin. A 1820 likita Jean-François Coindet na birnin Janeba ya fara ba masu maƙoƙo aidin, kumburin wuyansu ya riƙa sacewa. Sai dai wasu daga cikinsu suka kama rama, hannuwansu na karkarwa, zuciyarsu na bugawa da sauri.

Wannan ramar ce ta zama haja. A 1862 wani likitan Faransa, Duchesne-Duparc, ya ba da rahoton cewa masu cutar fata da yake yi wa magani da ciyawar Fucus vesiculosus sun rage nauyi. Kafin ƙarshen ƙarnin, kwalaben rage teɓa irin su Allan's Anti-Fat sun bazu a Amurka da Ingila. Daga baya aka fahimci inda gizo ke saƙar. Ƙwayar tayirod da ke gaban wuya da aidin take haɗa sinadaran da ke tsara saurin ƙona abinci a jiki. Idan aidin ya yi yawa, tana iya zarce ƙa'ida, mutum ya rame saboda cuta, tana kuma iya yin sanyi, nauyi ya ƙaru.

Zango na biyu ya buɗe a Japan. A 2005 masana a Jami'ar Hokkaido suka ciyar da ɓeraye fukozantin, sinadarin da ke ba ciyawar wakame launin ƙasa-ƙasa. Kitsen cikin ɓerayen ya ragu, domin sinadarin ya tayar da wani furotin mai suna UCP1, wanda ke mayar da kitse zafi maimakon ajiya. A 2010 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Rasha kan mata 151 masu ƙiba na tsawon mako 16, kuma an ga raguwar nauyi. Amma a can an gauraya fukozantin da man ƙwayar rumman, sannan gwaji ɗaya ba ya kafa hujja a harkar magani.

A Ingila kuwa, masana a Jami'ar Newcastle sun duba aljinet, wato yauƙin da ake tatsa daga ciyawar teku. Sun nuna a ɗakin gwaji cewa yana dakushe lifes, sinadarin da ke narkar da maiƙo a hanji. Ta wannan hanyar ce maganin orlistat ke hana jiki tsotse kusan kashi 30 cikin ɗari na maiƙon abinci. Bambancin shi ne an gwada orlistat a kan dubban mutane tsawon shekaru, aljinet kuwa bai kai nan ba.

Ga abin da ya shafi iyali kai tsaye. Baligi na buƙatar maikrogiram 150 na aidin a rana, kuma hukumomin Amurka sun sa iyaka a 1,100. Yawan aidin a ƙwayoyin ciyawar teku ya sha bamban daga kwalba zuwa kwalba, alhali gishirin girkinmu ma an riga an sa masa aidin. Ciyawar takan kuma zuƙi guba daga ruwa: a 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a kan cin nau'in hijiki saboda sinadarin asenik.

Don haka mai maƙoƙo ko wata cutar tayirod, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan levothyroxine ko amiodarone, kada su kusanci waɗannan ƙwayoyi sai da izinin likita. Wanda ya riga ya fara sha ya ji faɗuwar gaba, yawan gumi ko rashin barci, ya dakata, ya tafi asibiti da kwalbar a hannunsa domin a auna masa tayirod.