Abin da Tsohon Baƙin Mai Ke Faɗa

A kan layin dogo aka haifi sana'armu ta karanta sakamakon gwajin baƙin mai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka suka shiga jingine kawunan jirgi masu cin gawayi suna sayen na dizal. Injin irin wannan jirgi dukiya ce mai nauyi, kuma in ya buga a tsakiyar duwatsun Kolorado, ya toshe layin ke nan gaba ɗaya. A 1946 ɗakin bincike na kamfanin Denver and Rio Grande Western ya fara ɗibar man da ya yi aiki a cikin inji, yana ƙona ɗan kaɗan, yana duba hasken da ya bayar. Kowane irin ƙarfe da launin haskensa. In dalma da jan ƙarfe sun ƙaru a cikin man, to metal ya fara cinyewa, sai a janye jirgin a gyara kafin ya tsaya da kansa.

A lura da tambayar da mutanen nan suka yi. Lafiyar inji suke bincike, man kuwa ɗan aike ne kawai. Tambaya ta biyu, wato yaushe man ya gaji har ya kamata a yi juye, daga baya ta shigo. Har gobe yawancin rigimar da nake gani tsakanin injiniya da mai kamfani daga cakuɗa tambayoyin nan biyu take tasowa.

Sojan ruwan Amurka suka ɗauki dabarar a 1955 don jiragensu na sama, sojan ƙasa da na sama suka biyo baya, a ƙarshe suka haɗa aikin wuri guda. Masu manyan motocin dakon kaya suka shigo a 1958, lokacin da Pacific Intermountain Express ya buɗe nasa ɗakin gwaji, sannan a 1960 Analysts Inc. ya fara yi wa duk mai so a kan kuɗi. Amma mu nan Afirka, ta hannun Caterpillar abin ya fi iso mana. A 1971 kamfanin ya fito da tsarin S·O·S, inda dillalansa ke karɓar 'yar kwalbar mai daga kowace katafila a kan lokaci. Da 'yan kwangilar hanya da masu haƙar ma'adinai suka saba, sai aikin ya zauna. A birnin Durban na Afirka ta Kudu kuma WearCheck ya kafu a 1976, mahaƙan ƙasar suka zama manyan abokan cinikinsa.

Tun da wuri aka gano cewa na'urar duba hasken ƙarfen nan tana da makanta. Ɓurɓushin da ya wuce 'yan maikron kaɗan ba ta ganinsa sosai, alhali injin da ya kusa bugawa manyan ɓarɓashi yake zubarwa. Sai ka ga takarda ta fito fes, inji kuwa yana cin kansa. Vernon Westcott ne a farkon shekarun 1970 ya ɓullo da hanyar zuba man a kan gilashi da maganaɗisu a ƙarƙashi, ɓarɓashin ya jeru daga manya zuwa ƙanana, a duba siffarsa da madubin ƙara girma. Mai kama da ɓawon da aka fere, wani abu ne mai kaifi ke yankan ƙarfe. Mai faɗi kamar ɓamɓaroki, gajiyar ƙarfe ce. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a aikin nan, kome kyan lambobi, sai ya sa an yanka tsohuwar filta ya ga abin da ta tara.

Yayin da ake wannan a ɗakunan gwaji, masu ƙananan motoci a Amurka suna kan dokar juye a kowane mil 3,000, kusan kilomita 4,800. Dokar tana da asali: man wancan zamani ba shi da ƙarko, kafireta tana malala fetur cikin inji, fetur ɗin kuma da dalma a ciki. Amma mai ya inganta, injuna suka inganta, lambar ba ta motsa ba, don shagunan juye na cin abinci da ita. Amsoil ya fito da man haɗi a 1972 yana alkawarin mil 25,000, Mobil 1 ya biyo a 1974. A 1988 General Motors ya sa wa motocinsa lissafin da Shirley Schwartz da abokan aikinta suka tsara, mai kunna wuta a gaban direba in lokacin juye ya yi. Mutane da yawa sun ɗauka wata na'ura ce ke ɗanɗana man. Ko kusa. Juyin inji da zafinsa take ƙirgawa, ta yi kintace. Ba ta san ƙura ba, ba ta san ingancin man da aka zuba ba.

Abubuwa biyun nan kuwa su ne ciwon kanmu. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi cike take da silika, mai tauri har tana kankare ƙarfe. Idan silikon ya tashi a takarda tare da alminiyam, kusan uku bisa ɗaya, ba na ɓata lokaci wajen zargin mai: iska ce ke shiga ba ta filta ba. Ko tiyo ya tsage, ko kilif ya saki, ko yaron gareji ya busa filtar iska da kwamfuresa har ta huje. Bayan haka sai ka ga baƙin ƙarfe da kuromiyam suna hawa, wato silinda da ringi sun fara tafiya. Juye goma ba zai warkar da wannan ba. Amma in silikon ya tashi shi kaɗai a injin da aka sauke kwanan nan, galibi gam ɗin da bakanike ya shafa a gaskit ne, ba abin tashin hankali ba. Haka jan ƙarfe in ya yi tsalle shi kaɗai, dalma da kuza suna zaune, sau da yawa daga na'urar sanyaya mai yake zuwa. Sodiyam da fotasiyam kuwa ba a yi musu jinkiri, ruwan lagireto ne ya sami hanya.

Sai farar wuta. Shekara da shekaru dokar Nijeriya ta yarda da dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta sauko zuwa 10 tun 2009. Ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa cinikin irin wannan mai a 2016, ƙasashen ECOWAS kuma suka amince da 50 a 2020. Farar wuta in ta ƙone ta gamu da laima, asid take zama a cikin inji. Don haka ake zuba wa baƙin mai sinadarin kashe tsami, yadda uwargida ke jefa kanwa a miyar yakuwa, kuma lambar TBN ita ke nuna sauran nawa ya rage. Sabon man dizal yakan fara a wajen 10, al'adarmu kuwa in ya faɗi zuwa rabi, a zubar. Direban tirela da ke shan gas a Legas, ya ƙara a Kano, ya ƙara na jarka a bakin iyaka, ba shi da hanyar sanin abin da ya zuba. Takardar gwaji ce kawai za ta nuna yadda man ke saurin cinye kariyarsa. A ganina wannan ne dalilin da bai kamata a kwafo tazarar juye daga littafin da aka rubuta don titunan Jamus ba.

Akwai gwajin da ya girmi duk waɗannan, na yatsa biyu. Bakanike zai zaro sandar awo, ya murza, ya ce, "Alhaji, man nan ya mutu, ka ga ya yi baƙi ƙirin, ba danƙo." Ba na raina shi. Yatsa yana jin tsakuwa, hanci yana jin warin gas, ido yana ganin mai ya koma ruwan madara in ruwa ya shiga. Amma baƙi a injin dizal shaida ce cewa man yana riƙe da kunkunniya, bai bar ta ta kwanta ba, kuma aikinsa ke nan. Kauri ma yana yaudara har a ɗakin gwaji. Lambar kaurin man 15W-40 ya kamata ta tsaya tsakanin 12.5 da 16.3 a zafin digiri 100. Gas da ke ɗiga daga nozul yana tsinka shi, kunkunniya tana kaurara shi, su biyun su haɗu su ba ka lamba lafiyayya a kan man da ya lalace. Son mai kauri da ya zama ɗabi'a a garejinmu ya taimaki masu sayar da tsuran mai a kwalba a bakin titi, wanda ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba. Irinsa a takarda ba ya ɓuya: gurbin kalsiyam da zink da fosforas duk wayam.

Babban darasin da fannin ya koya tun zamanin jiragen ƙasa shi ne takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Baƙin ƙarfe kashi 60 cikin miliyan a man da ya yi awa 500 ba kome ba ne a injuna da yawa, amma a man da ya yi awa 100 abin dubawa ne. Sabon inji yana zubar da ƙarfe da yawa kafin ya zauna. Wanda ke shan mai ana yi masa ciko kullum, lambobinsa za su yi kyau don an sirka su. Saboda haka injin da kansa ake gwada shi, wata bayan wata, ana raba ƙarfen da awannin da man ya yi.

Ƙara tazarar juye ma a hankali ake yi. Janareta da aka saba yi wa a awa 250, sai a ɗebi mai a 250 ba a zubar ba. In TBN da kauri da kunkunniya da gas duk suna cikin iyaka, a kai 300, a sake dubawa, a tsaya tun da sauran tazara kafin inda lambobin suka fara karkacewa. In hunturu ya kama ko an sauya mai kawo gas, lissafin ya koma farko. Ga kamfani mai janareta ɗari a hasumiyoyin waya, ƙarin awa 50 kuɗi ne na gaske. Ga mai Corolla ɗaya da lita huɗu ke isarsa, kuɗin gwajin na iya kamo na man, gara ya bi layin aiki mai tsanani a littafin motarsa, ya sayi man kirki, ya kula da filtar iska.

Na'urori sun yi nisa, yanzu har akwai na ɗauka a hannu. Inda aikin ke lalacewa har yau wurin ɗiba ne. A ɗebo daga kaskon da aka tara juye, ko daga inji mai sanyi, ko a zuba a robar ruwan da aka ɗauraye. Sannan takardar rakiya ta iso ba awannin inji, ba awannin mai, ba sunan man, ba yawan cikon da aka yi. Irin wannan kwalba mukan auna ta don an biya, amma a gurbin shawara abin da muke rubutawa shi ne a sake ɗebowa daga inji mai zafi, a cika takardar.