3.2 Tarihin Dabarun Awo a Sana'ar Sassaƙa a Ƙasar Dabai

Dabai tana ɗaya daga cikin yankuna biyar da suka haɗu suka yi masarautar Zuru, sauran kuwa su ne Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Wannan yanki ya kasance a cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ya koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan ya shiga Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Akasarin mazaunansa Dakarkari ne, waɗanda ke kiran kansu Lelna, kuma an san su da ƙwazon noma, musamman na dawa. Al'adarsu ta golmo, inda saurayi kan yi wa surukansa noma na shekaru kafin a ba shi mata, ta ƙara jaddada matsayin fartanya a rayuwarsu. Saboda haka buƙatar ƙota da turmi da taɓarya da akushi ita ce ta raya sana'ar sassaƙa a wannan ƙasa.

Kafin zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, masassaƙi bai san inci ko santimita ba, jikinsa shi ne ma'auninsa. Yakan auna tsawon gungume da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, ya auna faɗinsa da ɗani. Idan yana neman tsakiyar itace, sai ya miƙa igiya daga gefe zuwa gefe, ya ninka ta biyu, ya yi alama da gawayi. Daga wannan alama ake zana da'irar bakin turmi, domin idan tsakiya ta kauce, gefe ɗaya zai fi ɗaya kauri, kuma turmin ba zai daɗe ba.

Auna zurfi shi ne mataki mafi haɗari. Bayan an sare ƙirya da gatari, an fara fafe cikinta da gizago, masassaƙi kan gitta sanda a bakin turmin, ya zura kara har ƙasa, ya yi masa shaida. Daga nan sai ya jingina karan a jikin turmin ta waje. Abin da ya rage tsakanin ƙarshen karan da ƙasa shi ne kaurin gindi. Sara yana ragewa ne, ba ya ƙarawa, don haka idan aka zarce, taɓarya za ta fasa gindin, an yi asarar itace da aikin kwanaki. A wajen akushi kuwa, yatsu ake sa wa ciki da waje a ji kaurinsa, a kuma ƙwanƙwasa shi a saurari amonsa.

Shigowar kwanonin tasa da na roba ta rage kasuwar akushi, injin niƙa kuma ya rage wa turmi aiki. Haka nan kafinta ya zo da tef da zarto. Duk da haka tef bai kawar da kara da igiya ba, domin gungume ba katako ba ne, kowane da irin lanƙwasarsa. Abin lura shi ne, wannan ilmi ba a rubuce yake ba, ɗa ne ke koyonsa a gaban mahaifinsa, kuma duk gidan da aka daina sassaƙa, ilmin kan tafi tare da mai shi.