Wa Ya Ce Waliyyai Duk Turawa Ne?

Wani bawan Allah ya rubuta cewa wai waliyyan Katolika duk fararen fata ne, a jikin kalanda aka kawo mana su daga Roma. Maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ku gyara zama.

Waliyyi Agustin dai kun san shi. A shekarar 354 aka haife shi a Tagaste, ƙasar Aljeriya ta yau, kuma mahaifiyarsa Monika waliyya ce. Waliyyai Fefetuwa da Felisita a Kataj, nan Afirka, aka kashe su a 203, lokacin da kakannin Turawa da yawa ba su ma ji sunan Yesu ba.

Amma ni Bakita ce tawa. 'Yar Darfur ce, haihuwar wajen 1869. Tana ƙaramar yarinya maharan bayi suka sace ta, tsabar firgita har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Aka yi ta cinikinta daga El Obeid zuwa Khartoum. A gidan wani janar Baturke aka kwantar da ita, wata mata ta zana mata layi da gari a fata, ta bi da aska, sannan aka cusa gishiri a cikin ciwon don tabon ya tashi. Yanka 114 a ƙirji da ciki da hannu! A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta, daga baya ya tafi da ita ƙasarsu. Can aka mai da ita mai reno, aka ajiye ta wurin sistocin Kanosa a Benis. Da uwargijiyar da take yi wa reno ta dawo ɗaukarta, yarinyar nan ta kafe ta ce ba inda za ta. Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Ta karɓi baftisma a Janairun 1890, ta zama sista, ta shafe shekaru sama da 40 a garin Schio tana girki da tsaron ƙofa. Ba ta mulki kowa ba, kuma ta yafe wa waɗanda suka yanka ta.

Masu cewa muna yi wa hotuna sujada, ku ma ku saurara. Addu'ar waliyyai muke roƙo, kamar yadda kake ce wa dattijo ya sa ka a addu'a. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Wannan gardamar sai wata rana.

Sauran a gurguje: shahidan Yuganda 22, ciki har da Charles Lwanga da aka ƙona a Namugongo a 1886, da Kizito ɗan shekara 14. Ga namu Fada Tansi na Aguleri, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ayyana mai albarka a nan Najeriya a 1998.

Bakita ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, aka ayyana ta waliyya a 2000. Ranar 8 ga Fabrairu ce Ekklesiya ta keɓe don addu'a kan fataucin mutane, alhali har yau ana bi da 'yan matanmu ta Agadas da Libiya zuwa wannan Italiyar. 'Yan'uwa, idan ranar ta zo ku je Misa, ku tafi da yaranku.