Farfaɗiya a Birnin Kano: Daga Majinar Jalinusu zuwa Maganin Sa Fitsari



Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da kan faru idan mai farfaɗiya ya faɗi a lungu ko a bakin Kasuwar Kurmi. Nan da nan sai jama'a su yi da'ira, kowa na salati, amma ba mai matsawa kusa, domin tun muna yara aka gaya mana wai wanda kumfar bakinsa ta taɓa, shi ma ya kamu. Wannan magana ba ta da tushe, ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Amma saboda ita an ƙyale mutane sun ƙone a murhu, an cire yara daga makaranta, an fasa aure bayan an kai lefe.

Akasarin mutanen birni iska suke ɗora wa laifi, sai a nufi 'yan bori ko mai rubutun sha. Sai dai kuskure ne a ɗauka iyakar sanin magabatanmu ke nan. A zaurukan malamai akwai wani bayani dabam wanda ya zo cikin littattafan ɗibbu na Larabci, irin su Ar-Rahma da ake jingina wa Suyuɗi, waɗanda suka ginu a kan ɗabi'u huɗu na jiki. Ibnul Ƙayyim ma, a cikin Zadul Ma'ad, kashi biyu ya yi wa farfaɗiya: wadda ruhohi ke kawowa, da wadda gurɓacewar ruwayen jiki ke kawowa. Kashi na biyun asalinsa daga Yunanawa ne. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani littafi na almajiran Buƙraɗu ya musa cewa wannan cuta ta alloli ce, ya ce mazauninta ƙwaƙwalwa, har ya kafa hujja da akuya: in aka fasa kan wadda ke da cutar, za a tarar ƙwaƙwalwarta jiƙe da ruwa. Jalinusu da Ibn Sina suka bi sawu, suka ce majina ce mai kauri ke toshe kogunan ƙwaƙwalwa. Ina roƙon ku riƙe wannan zance na laima, za mu komo kansa.

A Turai kuwa sai cikin ƙarni na 19 aka fara samun abin da ke aiki. A 1857 Charles Locock ya ba da labarin amfanin gishirin buromaid a Landan. A 1873 Hughlings Jackson ya bayyana cewa farfaɗiya tartsatsi ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yi farat ɗaya, fiye da kima. A 1912 Alfred Hauptmann a Jamus ya lura fenobabiton, da yake ba majinyata don su yi barci, yana rage musu faɗuwa. Watau ko da aka buɗe Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata a ƙarshen shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, maganin ya riga ya samu a duniya.

To, ina ruwan maganin sa fitsari da ƙwaƙwalwa? Tun wajen 1930 wasu likitocin Amurka suka lura cewa in ruwa ya taru a jikin mai farfaɗiya faɗuwa kan ƙaru, har Temple Fay ya riƙa rage wa majinyata ruwan sha. Dabarar ba ta ɗore ba, azabarta ta fi amfaninta. A 1952 aka gwada asetazolamaid, wanda maganin sa fitsari ne, ya yi aiki ga wasu, amma jiki kan saba da shi bayan 'yan watanni. A 1995 Daryl Hochman da abokan aikinsa suka nuna cewa furosemaid, wanda masu kumburi suka sani da sunan Lasix, yana hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwar dabba yin tartsatsi baki ɗaya a lokaci guda.

Ga yadda al'amarin yake, a taƙaice. Ƙwaƙwalwa tana da birki, wani sinadari mai suna GABA, wanda ke buɗe ƙofa ga kuloraid, ɗaya daga cikin abubuwa biyu da suka haɗu suka zama gishirin miya. A ƙwayar ƙwaƙwalwar babba kuloraid kaɗan ne a ciki, saboda haka da an buɗe ƙofa sai ya shiga, ƙwayar ta lafa. A ta jariri kuwa, kamar yadda Yehezkel Ben-Ari na Faransa da mutanensa suka nuna a jikin ɓeraye, akwai wani famfo da ke cusa kuloraid ciki har ya yi yawa, sai birkin ya yi rauni, wani lokaci ma ya koma totur. Fenobabiton kuwa ta wannan ƙofa yake aiki, kuma ana jin shi ya sa ba ya tsayar da jijjigar kusan rabin jarirai. Abin mamakin shi ne wannan famfo ɗan'uwan wanda ke cikin ƙoda ne, kuma maganin sa fitsari da ake kira bumetanaid yana toshe su duka biyu. A 2005 aka buga sakamakon gwajinsa a kan 'ya'yan ɓera, ya yi kyau ƙwarai.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Jalinusu ya yi gaskiya. Bai san ƙwayar ƙwaƙwalwa ba, balle famfonta. Abin da zan iya ba shi kurum shi ne ya nemi cutar a inda take, kuma ya zargi ruwa.

Da aka zo kan 'ya'yan mutane labari ya sha bamban. Gwajin da aka yi a asibitocin Turai, aka buga a 2015, an dakatar da shi bayan jarirai 14 kacal: ba a ga amfanin da ake nema ba, kuma uku daga cikin 11 da suka rayu sun sami raunin ji, domin irin famfon nan yana cikin kunne. Daɗin daɗawa, kaɗan ne daga maganin ke iya kutsawa cikin ƙwaƙwalwa. Ina faɗin haka da gangan, don na san halinmu da kemis: yawan shan maganin sa fitsari kan zubar da gishirin jini, wannan kuwa shi kansa yana jawo jijjiga.

Mu a Kano matsalarmu ta fi wannan kusa. Da yawa daga cikin masu farfaɗiyarmu sun same ta ne daga doguwar naƙuda, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko haɗarin hanya, ko sanƙarau irin wanda ya auka wa garin nan a 1996. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke da cutar a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samunsa. Maganin da ake nufi kuwa ya haɗa da wancan na 1912, wanda yana cikin mafi araha a kanti, sai dai shansa kullum ne, shekara da shekaru, kuma wanda ya yanke shi farat ɗaya yana iya faɗuwar da ta fi ta da muni.