Waiwaye: Yadda Kiɗan Gem Ɗin Kaset Ya Hau Jitar Lantarki

Duk wanda ya taso a Mubi a shekarun 1990 zai tuna gem ɗin kaset da ake jonawa da talabijin, yara sun yi cincirindo ana jiran layi, ana addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. Mario da Contra sun wuce, amma kiɗansu na nan a kunne.

Asalin na'urar ita ce Famicom, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983. Akasarin waɗanda suka iso kasuwanninmu kwaikwayonta ne. Na'urar matalauciya ce wajen sauti: muryoyi uku ke ɗaukar karin kiɗa, ɗaya na yin ƙara a madadin ganga, ɗaya kuma na 'yan guntayen sautin da aka naɗa. Da wannan ɗan abin Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985. Wanda bai da kayan ado dole karinsa ya tsaya da ƙafarsa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, tunda marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Da yaran wancan zamani suka girma, sai suka ɗauki karin suka aza shi kan hebi metal, wato kiɗan nan mai rugugin jitar lantarki da ganguna masu sauri, wanda irin su Black Sabbath suka assasa a Birmingham ta Ingila wajen 1970. Ya kuwa zauna daram, domin dama kiɗan gem gajere ne, mai sauri, mai maimaita kansa. A Amurka ƙungiyar Powerglove ta Boston, wadda ta ari sunanta daga wata safar hannu ta buga gem ɗin Nintendo, ta fitar da kundin Metal Kombat for the Mortal Man a 2007.

Amma a ganina labarin Nobuo Uematsu ya fi armashi. Shi ya tsara kiɗan Final Fantasy tun 1987, kuma bai bar wa wasu aikin ba. A 2002 ya haɗu da abokan aikinsa biyu, Kenichiro Fukui da Tsuyoshi Sekito, suka kafa The Black Mages, suna sake kaɗa kiɗan fagen dagan wasan da jita da ganguna, shi yana kan fiyano. Kundi uku suka yi kafin su watse a 2010, kuma kowanne na ɗauke da sunan mai karin na asali, abin da masu sabunta waƙoƙin Shata a situdiyoyinmu ba kullum suke yi ba.