Katin Awo: Yadda Iyayenmu Suka Haihu a Abakpa

Kafin mu san asibiti, mu 'ya'yan Abakpa, mun san ƙamshin ganyen dalbejiya a tafasasshen ruwa. Idan ka ga babbar tukunya a kan murhu tun da asuba, hayaƙi ya turnuƙe zaure, to an sauka a gidan nan. Sauran labarin sai ranar suna.

Unguwarmu ta tashi ne a gefen barikin soja, tana maƙwabtaka da Unguwar Shanu. Sunan ma ba namu ba ne. Abakpa shi ne yadda Igala da Idoma ke kiran Bahaushe, shi ya sa za ka tarar da wata Abakpar a Inugu da Abakaliki. Wurin zaman baƙi ne da masu ƙaramin ƙarfi. Ita kanta Kaduna Turawa suka zana ta, suka dawo da hedkwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917, kuma sun zana ta ne don kansu da ma'aikatansu. Asibitin da muke kira Barau Dikko a yau, wanda ya ci sunan likita na farko ɗan Arewa, tsofaffi sun fi saninsa da Nasin Hom, gidan jinyar Turawa da manyan ma'aikata. Matar lebura ko ta kurtun soja ba ta cikin lissafin waɗanda suka gina shi.

Don haka kakanninmu suka haihu yadda aka haife su. Mace ta durƙusa a ɗaki, sau da yawa ita kaɗai, ba ta ko nishi mai ƙarfi, domin ihu a naƙuda abin kunya ne, balle a haihuwar fari. Ungozoma kan shigo ne bayan ɗa ya faɗo: ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Daga nan sai wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, da kunun kanwa, da gasasshen nama mai yaji. Bai kamata mu raina wannan tsari ba. Kwana arba'in mace ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, uwa ko gwaggo na kanta. Har gobe babu asibitin da ke ba talaka irin wannan hutu.

Amma tsarin yana da ramuka, kuma a Zariya, nan kusa da mu, aka fara auna zurfinsu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa jiki a kumbure, numfashi na sarƙewa, zuciya ta gaza. Suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa, da zafin wanka, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Abin da aka tanada don ya ƙarfafa mai jego, shi ke yi wa zuciyar wasu lodin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma yankan gishiri da ake yi da reza idan naƙuda ta yi tsawo, wanda ya bar mata da dama da yoyon fitsari. Ga daƙashi, nonon farko, da ake matsewa a zubar wai ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin jariri na farko.

Aikin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Farfesa Kelsey Harrison. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano ba shi da sarƙaƙiya. Matan da suka yi awo, suka zo da katinsu, kaɗan ne ƙwarai suka mutu. Mafi yawan gawarwakin na waɗanda ba su taɓa awo ba ne, waɗanda ake kawowa bayan kwana biyu ko uku ana naƙuda, jini ya ƙare ko jijjiga ta kama su. Ƙananan 'yan mata da matan da suka yi haihuwa da yawa su suka fi shiga haɗari, kuma macen da ta yi karatu ta fi tsira da ɗanta. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, bambancin wani ɗan kati ne.

To me ya hana iyayenmu karɓar katin? A ƙauye sai a ce nisa. Mu ba mu da wannan hujja, tafiyar mintuna ce a mota. Abin da ya tsare su kuɗi ne, da jiran izinin maigidan da ya fita nema, da kunyar likita namiji, da tsawar da ake daka wa mace don ba ta jin Turanci. Wadda aka wulaƙanta sau ɗaya, ita da maƙwabtanta goma sun daina zuwa. Wannan ba halin Bahaushiya ba ne kaɗai. 'Yan ƙabilar Roma da ke zaune a gefen garuruwan Turai ta Gabas, jariransu sun fi na maƙwabtansu mutuwa, ga asibitoci kuwa a kusa. A tsohuwar Cekoslobakiya an riƙa tsayar wa matansu haihuwa ba da yardarsu ba, sai a 2021 ƙasar Cek ta yi dokar biyan diyya. Wa zai ga laifin jikarsu idan ta ji tsoron gadon asibiti?

Gwamnatoci sun yi ta yunƙuri. Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan ƙananan asibitocin unguwa da rigakafi da ruwan gishiri da sukari. A 2007 Jihar Kaduna ta shelanta kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta, a 2009 tarayya ta fara tura ungozomomin zamani karkara, daga baya jihar ta ɗauki gyaran asibiti guda a kowace mazaɓa 255. An samu sauyi, ba ma musu. Layin awo a yanzu ya fi na zamanin iyayenmu tsawo nesa ba kusa ba. Sai dai binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 16 ne kacal cikin 100 ke haihuwa a asibiti a Arewa maso Yamma.

Yawancin ƙannenmu a Abakpa suna da kati yanzu, a naɗe cikin leda. Tare da shi ake ba su takardar kayan haihuwa: safar hannu, auduga, reza, sabulu, maganin wanke ƙasa. Idan kayan ba su haɗu ba, naƙuda kuma ta zo da ƙarfe biyun dare, babu mai keke a titi, yaro ake tasa ya buga ƙofar tsohuwar da ke bayan layi, katin kuma yana ƙarƙashin katifa.